Na kai yara gidan zane-zane, mun dawo ba mai yi wa wani magana

Assalamu alaikum Anti. Ina da yara uku: babbar mace ce, shekararta 15, na tsakiya namiji mai shekara 10, sai auta ɗan shekara 5. A hutun da ya wuce na kwashe su zuwa gidan baje kolin zane-zane na gwamnati, wanda ake shiga kyauta. Mun yi kusan awa huɗu muna zagayawa. Auta ya yi ta guje-guje har ya kai hannu jikin wani zane, mai gadi ya daka masa tsawa a gaban jama'a, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Babbar kuwa kanta na kan waya tun daga ƙofa, da na yi mata magana ta ce, "Mama, wannan ai ɓata lokaci ne." Na tsakiya ya tambaye ni dalilin da ya sa aka rataye wani zane da bai wuce layuka da ɗan ja da shuɗi ba, na rasa amsa. Ga shi mun faɗa wani ɗaki mai zanen mutane tsirara ba shiri. Babansu ya ce dama ya faɗa mini wurin ba na yara ba ne. Ni ban samu irin wannan damar ina ƙarama ba, shi ya sa nake so su samu. In haƙura ne, ko akwai dabara?

Daga uwar yara uku

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki haƙura. Amma kafin komai bari in tsaya a kan awa huɗun nan, domin a nan aka yi ɓarin. Ko ni da gemun tsufa ya kusa fito mini, in aka tsare ni awa huɗu a ɗakunan zane ina tsaye, sai na nemi wanda zan yi faɗa da shi. Yaro kuwa man kaza ne, da ya ji rana sai ya narke. Gajiyar da ake yi a irin waɗannan gidaje daban take da gajiyar tafiya, kuma masu aikin sun daɗe da saninta. Tun a 1916 wani ma'aikacin gidan zane-zane na birnin Boston a Amurka, Benjamin Ives Gilman, ya yi rubutu a kanta, har da hotunan wani mutum yana duƙawa, yana durƙusawa, yana miƙa wuya don ya ga abin da aka ajiye. Tafiya ce ta taku biyu a tsaya, taku uku a tsaya, a kan daɓe mai tauri, ido yana aiki ba hutu, ga shiru an ce kowa ya yi. Babba ma ƙafarsa ke tsami, balle ɗan shekara biyar da yawancin zanen ke can sama da kansa, abin da yake gani sosai shi ne gwiwoyin mutane.

Na san abin da ya sa kika daɗe. Kin yi shiri, kin sha wahalar fitowa da mutum uku, zuciyarki ta ce tunda an zo sai an ga komai. To babu mai ganin komai. Gidan Louvre na birnin Faris yana da kayan kallo kusan 35,000 a baje. In kika ba kowanne rabin minti kacal, kina bukatar awa 290 da 'yan kai, wato kwana goma sha biyu ba barci ba cin abinci. Rabin minti ma da na faɗa ba raini ba ne: a 2001 wasu masu bincike sun riƙe agogo a gidan Metropolitan na birnin Niyok, suka ga matsakaicin lokacin da mutum ke tsayawa gaban shahararren zane bai kai daƙiƙa talatin ba. Ke nan manyan da kike gani suna tafiya a natse, hannu a baya, yawancinsu wucewa kawai suke yi. Tunda naku gidan kyauta ake shiga, kin samu babbar gata, domin ba tikitin da za ki ce sai kin fanshe. Ki shiga minti arba'in ki fita. Ki fita tun suna cewa "Mama, saura ɗaya," kada ki jira sai an fara jan ƙafa. Wata uku nan gaba zanen yana nan a bangonsa.

A minti arba'in ɗin nan zane biyar ya isa, shida ya yi yawa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin manyan gidajen suna da hotunan kayansu a intanet, da taswirar ɗakuna. Daren jajibiri ki zaunar da su, kowa ya zaɓi zane ɗaya da yake so ya je ya gani da idonsa, ke ma ki zaɓi naki. Ko da auta ya zaɓi wani doki ne kawai saboda doki ne, shi ke nan, an karɓa. Abin da yaro ya zaɓa da kansa zai neme shi kamar wanda ya yar da kuɗi, kuma ranar da ya sha kwana ya gan shi a bango, ya ga ashe ya fi shi tsawo, ki kalli fuskarsa. A ci abinci kafin a shiga, a zaga bayi, a je da safe lokacin da aka buɗe kafin cunkoso. Jakar goyo a bar ta a ma'ajiyar ƙofa, domin gidaje da yawa ba sa yarda a shiga da ita a baya. A riƙe fensir da ɗan littafi, ban da biro, saboda tawada in ta taɓa abu ba ta fita.

Batun mai gadi. Tsawar da ya yi a gaban jama'a ba ta yi daɗi ba, kuma da ya yi magana a hankali da ya fi. Amma ki sauke wannan kunyar daga ranki, domin a wurinsa abin ya wuce tun kafin ku kai ƙofar fita. Yini guda yana hana manya masu digiri kai yatsa. Abin da ya kamata ki yi shi ne ki ba autanki dalili, domin "kar ka taɓa" ba dalili ba ne a kunnen yaro, gayyata ce. Ki sa shi ya danna yatsa a kan madubi a gida, ki nuna masa tabon. Ki ce masa wannan maiƙo ne da gishirin gumi, kowane hannu yana da shi ko an wanke, kuma in mutum dubu suka bar nasu a kan fenti mai shekara ɗari huɗu, fentin zai dafe ya fara ɓamɓarewa. A cocin Saint Peter da ke Vatican akwai mutum-mutumin tagulla da masu ziyara suka yi ta shafa ƙafarsa ɗaruruwan shekaru har yatsun suka lashe. Tagulla ke nan, ina ga fenti a kan ƙyalle. Sai ki ba shi abin da zai yi da hannun: ya riƙe taswira, shi ne jagora. Ko a yi yarjejeniya cewa gaban kowane zane hannu a aljihu, taku biyu baya daga igiya ko layin da aka ja a ƙasa.

In kuma tsoronki shi ne wata rana ya yi ɓarnar da za a sayar da gida a biya, to ki ji wannan. A watan Agustan 2015 a birnin Taipei na Taiwan, wani yaro ɗan shekara 12 yana tafe da abin sha a hannu ya yi tuntuɓe, ya kai hannu don ya dafa, hannun ya huda wani zanen furanni da aka danganta ga Paolo Porpora, ɗan Italiya na ƙarni na 17, wanda aka yi wa kuɗi dala miliyan ɗaya da rabi. Masu baje kolin suka ce zanen yana da inshora, ba su nemi iyayen su biya ba, aka gyara shi. Ban faɗa don a sakar wa yara linzami ba. Na faɗa don ki daina tafiya a bayansu zuciyarki na dukan uku-uku, domin yara suna jin fargabar uwa a jikinsu, kuma ita ke ƙara musu rawar kai.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe: tambayar ɗanki na tsakiya, da kika ce kin rasa amsa. Ni a wasiƙar nan kaf babu abin da ya faranta mini rai kamar wannan tambaya. Yaron ya tsaya, ya duba, abin ya dame shi har ya buɗe baki. Wannan shi ne abin da aka gina gidan dominsa. Kuskuren da mu iyaye muke yi shi ne mu ɗauka sai mun zama malamai, mu karanto ɗan allon da ke gefen zane, suna da shekara, mu juye wa yaro. Ba ya bukata. Wasu masana biyu a Amurka, Abigail Housen da Philip Yenawine, sun tsara wata hanya da makarantu da gidajen zane da yawa ke bi, kuma tambayoyi uku ne kawai. Me ke faruwa a wannan zanen? Me ka gani da ya sa ka ce haka? Me kuma za mu iya ganowa? Ta biyun ita ce gishirin. Yaro zai ce, "Mutumin nan yana fushi." Ki ce, "Me ka gani?" Sai ya koma ya sake dubawa, ya ce girarsa a haɗe, ya dunƙule hannu, kuma matar ta juya masa baya. Ga shi ya kawo hujja da bakinsa, ke ba ki san sunan mai zanen ba ma. Sharaɗin kawai ki iya yin shiru. Ki ƙirga goma a zuci kafin ki ce komai, kuma kada ki gyara masa ko da ya ce kare alhali tunkiya ce. Ƙanensa zai gyara masa, su yi musu, su duba tare.

Shi kuma zanen layuka da ja da shuɗi, ga abin da za ki iya ce masa. Shekaru aru-aru, in sarki ko attajiri yana son a ga kamanninsa bayan ransa, sai ya kira mai zane. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faransa, sannu a hankali na'ura ta karɓe wannan aikin. Sai masu zane suka fara tambayar kansu me fenti zai iya yi wanda kyamara ba za ta iya ba. Piet Mondrian ɗan ƙasar Holan, wanda ya shahara da baƙaƙen layuka da murabba'ai masu ja da shuɗi da rawaya, a farkon aikinsa bishiyoyi da gonaki yake zanawa kamar kowa, kuma ya iya. Ya yi ta rage bishiyar, shekara bayan shekara, har reshe ya koma layi. In ɗanki ya ce, "Ai ni ma zan iya," kada ki yi masa gardama. Ki miƙa masa fensir da littafin, ya zauna a benci ya gwada. Zai tarar cewa inda za a sa layi na uku don kada shafin ya karkace ba wasa ba ne. In ya gama kuma ya ce har yanzu bai burge shi ba, yana da 'yancinsa. Ni ma akwai zanen da duniya ke yabo da nake wucewa ko waiwaye ba na yi.

Ga yara ƙanana, zanen da ke cike da ƙananan abubuwa ya fi riƙe su. Akwai na Pieter Bruegel na 1560 da ke birnin Biyana, inda yara sama da ɗari biyu ke wasanni kusan tamanin a fili guda: masu tsallake bayan juna, masu gara da'ira da sanda, wanda aka ɗaure wa ido yana lalube, masu tafiya a kan dogayen sanduna. Ki nuna musu shi a waya ki ga minti nawa za su yi suna cewa "wannan ma muna yi." A gidan zane-zane na National Gallery da ke Landan akwai zanen jakadu biyu da Hans Holbein ya yi a 1533, a ƙasansa wani dogon abu a karkace kamar an zubar da fenti. Sai ka matsa gefen dama ka kalle shi a kaikaice, ya haɗe ya zama ƙoƙon kan mutum. Ban ce sai kin je can ba. Kowane gida yana da irin nasa: kare a ƙarƙashin tebur, ƙuda a kan 'ya'yan itace, jirgin ruwa can nesa kamar ƙwayar gero. Ki ce wa auta ya ƙirga miki karnukan ɗaki guda, kin samu minti goma na zaman lafiya.

Kuma ki shirya wa abin da ba ki shirya ba. Na taɓa kai ɗana irin wannan wuri yana kamar shekara bakwai, na tsaya gaban wani katafaren zane ina ta bayani, na waiga na gan shi a tsugune a lungu yana kallon wata 'yar na'ura. Ashe ma'aunin zafi da laima ce. Raina ya ɓaci, sai wata mai gadi ta matso ta yi masa bayanin cewa katako da ƙyalle suna kumbura in laima ta yi yawa, su tsuke in iska ta bushe, fentin da ke kansu ya tsage, shi ya sa ake riƙe laimar ɗakin kusa da kashi hamsin cikin ɗari dare da rana. Ta ce masa shi ya sa kuma ɗakin zanen takarda yake da duhu-duhu, domin haske yana cinye launi kuma ba ya dawowa. Daga ranar duk ɗakin da muka shiga sai ya nemo na'urar tukuna. Zanen da na yi ta yabo kuwa ko tuna shi ba ya yi.

Sai babbar. 'Yar'uwa, ina jin maganarta ce ta fi yi miki ciwo fiye da tsawar mai gadi, domin ke kyauta kika kawo mata, abin da ke ba ki samu ba, ta mayar miki da shi a gaban ƙannenta. Ki yi haƙuri. Amma ki duba ta inda take tsaye: budurwa 'yar shekara 15, ana jan ta a ayari ɗaya da ɗan shekara 5 mai guje-guje, uwa tana nuna mata abu da yatsa, mutane na kallo. Ko zanen ya burge ta ba za ta bari ki gani ba. Taura biyu ba ta taunuwa, tafiyar auta daban, tata daban. In da hali, wata rana ki fita da ita ku biyu kawai, ko ki ce ta gayyato ƙawarta. A cikin gidan ki sake ta: ku yi alƙawarin haɗuwa a benci kaza bayan rabin awa, ta dawo miki da zane ɗaya da ta fi so da ɗaya da ta fi tsana. Na biyun zai fi buɗe mata baki. 'Yan wannan shekarun sun fi iya faɗin abin da ba sa so, kuma duk wadda ta tsaya ta bayyana dalilin tsanar zane, ta kalle shi fiye da masu cewa "ma sha Allah" suna wucewa.

Wayar kuma kada ki yi yaƙi da ita, ki ba ta aiki. Wata mai nazarin tunanin ɗan Adam, Linda Henkel, ta yi gwaji da ɗalibai a gidan kayan tarihi, aka wallafa a 2013: waɗanda suka ɗauki hoton abu gaba ɗayansa sun fi saurin mance shi fiye da waɗanda suka kalla kawai, amma waɗanda suka zuƙo wani ɗan sashe suka ɗauka ba su yi wannan asarar ba. Don haka ki ce ta ɗauko miki hannuwa kawai, ko takalma, ko idanu, daga zane goma, ba tare da kunna fitilar kyamara ba, kuma bayan an duba ko ɗakin ya yarda da hoto. Sannan matasa labari suke so, musamman mai rikici. Mona Lisa, zanen wata mata da ke Louvre da ake tururuwa a kanta, ba ta wuce santimita 77 a tsaye da 53 a kwance ba, kuma sata ta ƙara mata suna: a watan Agustan 1911 wani ɗan Italiya, Vincenzo Peruggia, da ya taɓa yin aiki a Louvre, ya fice da ita, ya ɓoye ta shekara biyu kafin a kama shi a birnin Florence. Guernica ta mai zane Picasso, wadda ke rataye a birnin Madrid, mai faɗin kusan mita takwas, ba launi sai baƙi da fari da toka, ya zana ta ne bayan jiragen yaƙin Jamus da Italiya sun yi luguden wuta a kan garin Guernica na yankin Basque a Sifaniya ranar 26 ga Afrilun 1937. A gefenta na hagu uwa ce ta ɗaga kai sama tana kururuwa, gawar ɗanta a hannu. Yarinyar da ke ganin hotunan yaƙi a wayarta kullum ba ta bukatar a fassara mata wannan. Ki binciko ko akwai irin wannan labarin a bayan wani zane na gidanku, ki faɗa mata a hanya a taƙaice, ki yi shiru.

Ɗakin tsiraici kuwa, ke ce uwa, ke ce da hukunci, kuma ba wanda zai ce ziyararki ta ragu don kin tsallake shi. Zanen jikin mutum ba sutura ya samo asali a Turai daga sassaƙen tsoffin Girkawa da Rumawa, kuma makarantun zane sun mayar da shi darasi, shi ya sa ya yawaita a ɗakunan tsoffin zanen Turai. Ki tambayi ma'aikacin teburin ƙofa kai tsaye waɗanne ɗakuna ne, ba ke kika fara yi masa wannan tambaya ba, zai zana miki hanya a taswira. Ɗakunan zanen daji da teku da dabbobi da furanni, da na zanen zamani mai launi zalla, da na rubutun ƙawa da tayil da darduma in gidan yana da su, sun ishe ku ziyara goma. In kuma kun yi kiciɓis, kada ki rufe musu ido ki fizge su da gudu, wannan ne zai sa su juyo su ƙara kallo, kuma shi kaɗai za su tuna. Ki ce, "Haka masu zanen wancan zamanin suke yi, mu wuce mu ga dokin," da muryar da kike cewa a ɗauko takalmi. Na tsakiya zai yi 'yar dariya, ki ƙyale shi. Babbar in tana da tambaya za ta kawo ta daga baya, wataƙila kuna cikin wani aikin daban.

Maigida kuma kada ki ja da shi. Ki roƙe shi alfarma ɗaya: ranar da za a koma ya zo, aikinsa auta kawai. Idan yaron ya gaji bayan minti ashirin, su fita harabar waje su zaga, ke ki ƙarasa da na tsakiya. Shi ma a sa shi ya zaɓi zanensa a daren jajibiri kamar kowa. A hanyar dawowa kada ki tambayi kowa me ya koya. Ki ce in an yarda kowa ya ɗauki zane ɗaya ya tafi da shi gida, wanne zai ɗauka, kuma a wane bango zai rataye shi. Ki fara da babansu.